Rage Feshi a Gonar Inabi: Jagora Daga Zaɓen Iri Zuwa Bakin Injin Feshi

A Faransa gonakin inabi ba su kai kashi 4 cikin 100 na ƙasar da ake nomawa ba, amma su ke shanye kusan kashi 20 cikin 100 na maganin feshin da ƙasar ke amfani da shi. Mai ji daga nesa zai ce ƙwari ne suka addabe su. Ba ƙwari ba ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na feshin saboda funfuna ake yin sa, musamman wasu cututtuka biyu masu cin ganye da 'ya'ya, kuma dukansu baƙi ne da suka tsallako daga Arewacin Amurka. Ta farko, cutar toka, mai barin farar hoda a kan ganye, a Ingila aka fara ganinta a 1845. Ta biyu, cutar ƙasan ganye, wadda ke tashi da zarar ruwa ya sauka, ta bayyana a Faransa a 1878. A tsakaninsu, wajen 1863, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo yana tsotsar saiwa har kurangar ta mutu, ya kusa share gonakin inabin Turai kakaf.

Hanyar da aka bi da kowace annoba ta sha bamban. Filoksera da shuka aka yi maganinta: aka aura inabin Turai a kan gindin inabin dajin Amurka, wanda ya saba da ƙwaron tun fil azal. Yau sama da shekara 100 ke nan, mafi yawan gonaki ba sa ɗaukar injin feshi saboda ita. Funfuna kuwa da sinadari aka tare ta, farar wuta ga cutar toka, sai haɗin tagulla da farar ƙasa da masanin tsirrai Millardet ya fito da shi a yankin Bodo na Faransa a 1885. Magungunan sun yi aiki, sai dai duk shekara sai an sake sa hannu a aljihu. A 2008 gwamnatin Faransa ta ƙaddamar da shirin Ecophyto da niyyar rage feshi da rabi cikin shekara 10. Shekara 10 ta cika ba a kai ko kusa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an ce wa manomi ya rage magani, amma irin da ke gonarsa da tsarin rumfarsa suna nan yadda suke. Saboda haka matakan da ke tafe sun fara ne daga shuka, injin feshi shi ne na ƙarshe.

Mataki na farko: ka san abin da kake fesawa yanzu

Samu littafi ɗaya. Duk ranar feshi ka rubuta kwanan wata, sunan magani da sinadarin da ke cikinsa, yawan da ka zuba, faɗin wurin da ka fesa, da abin da ka gani a gona har ka ɗauko injin. Wannan layi na ƙarshe shi ne mai tona asiri, domin sau da yawa amsar ita ce "kwana 10 ya cika" ko "maƙwabcina ya fesa".

Faransawa suna ƙirga feshi da wata hanya mai sauƙi. Magani ɗaya, a cikakken awon da ke jikin kwalba, a dukkan gona, maki 1 ke nan. Rabin awo ko rabin gona, rabin maki. Magani biyu a tanki ɗaya, maki 2. A gonakin inabinsu matsakaicin makin shekara ya kai 15 a 2016, shekarar da ruwa ya yi yawa, ya sauko kusa da 12 a 2019. Ka fitar da naka makin na bana, da shi za ka auna baɗi.

Mataki na biyu: bambance cututtukan biyu

Maganin ɗaya ba lallai ya taɓa ɗayar ba, don haka wanda ya kasa bambance su zai yi ta feshin banza.

Cutar ƙasan ganye, wadda masana ke kira Plasmopara viticola, 'yar ruwa ce. Tana farawa da tabo rawaya mai sheƙi a saman ganye, ka ce mai aka ɗiga. Idan dare ya yi laima sosai, da safe sai ka tarar da farin gashi-gashi a ƙasan ganyen, daidai bayan tabon. Idan kana shakka, ga gwajin da ba ya cin ko sisi: tsinko ganyen da yamma, ka sa shi a leda tare da ɗan tsumma mai danshi, ka ɗaure baki, ka ajiye a ɗaki mai duhu. Gari na wayewa ka buɗe ka juya shi. In farin ya fito a ƙasa, ita ce. In tabon yana nan a bushe, wani abu ne daban, wataƙila ƙunar magani ko ƙarancin taki.

Cutar toka kuwa, Erysiphe necator, ba ta bukatar ruwan sama don ta yaɗu. Inuwa take so, da ɗumi madaidaici, da cunkoson ganye. Tana hawa saman ganye da ƙasansa da 'ya'ya, in ka shafa da yatsa hodar ta goge, kuma tana warin rima. 'Ya'yan da ta kama suna ƙanana fatarsu kan daina miƙewa, sai su fashe idan sun fara cika. A cikin duhun rumfa ake nemanta, ba a ganyen waje da rana ke duka ba.

Mataki na uku: iri

A nan mafi yawan ribar take, kuma a nan ake yin kuskuren da ke ɗaukar shekara 20 ana biyansa, tunda ba duk damina ake sake kurangar inabi ba.

Kusan duk inabin da ake ci a duniya, da wanda ake busarwa zabibi, da wanda Turawa ke matsewa su yi giya, jinsi ɗaya ne, Vitis vinifera. Bai taɓa haɗuwa da waɗannan cututtuka ba sai a ƙarni na 19, shi ya sa ba shi da makamin kare kai. Danginsa na daji a Amurka da gabashin Asiya suna da shi, amma 'ya'yansu ƙanana ne, ɗanɗanonsu kuma ba kowa ke so ba. Aikin mai kyautata iri shi ne ya ɗauko juriyar ya bar sauran.

Ga yadda aikin yake a hannu. Kafin furen uwar ya buɗe, ana bi da ɗan hantsaki a cire hular kowane fure tare da sassan namiji, ɗaya bayan ɗaya, alhali furen inabi bai wuce ƙwayar dawa girma ba. A rufe nonon da jakar takarda. Bayan kwana biyu ko uku a buɗe, a shafa masa garin furen uban da aka zaɓa da ɗan burushi, a sake rufewa. 'Ya'yan da suka fito a cire ƙwayarsu a shuka. Kowane tsiro daban yake da ɗan'uwansa, rabin gadonsa na daji ne. Sai a zaɓi mai juriya a sake haɗa shi da inabin gida, gadon daji ya koma kashi 25, a zagaye na gaba 12, sannan 6, sannan 3. Kowane zagaye yana cin shekara 3 ko 4 kafin tsiron ya yi fure. Alain Bouquet na cibiyar binciken noma ta Faransa, INRA, ya fara irin wannan aiki a 1974 da wani inabin kudu maso gabashin Amurka, Muscadinia rotundifolia, wanda haɗa shi da na gida ke da wuyar gaske saboda ƙunshin gadonsa 40 ne, na gida 38. A Jamus, irin Regent an haɗa shi a 1967, bai samu izinin shiga gonaki ba sai tsakiyar shekarun 1990.

Abin da ya gajarta tafiyar shi ne karanta taswirar gadon inabi a 2007. Yanzu tsiro na da ganye huɗu ko biyar ake tsinkar ɗan guntu a kai ɗakin gwaji, a ga ko ya gaji ƙwayar juriyar. Wanda bai gada ba a zubar da shi tun yana cikin tukunya. An raɗa wa ƙwayoyin suna: masu farawa da Rpv na cutar ƙasan ganye ne, masu farawa da Run ko Ren na cutar toka. Rpv1 da Run1 daga inabin Bouquet suka fito, Rpv3 da Ren3 suna cikin Regent, Rpv10 da Rpv12 kuma daga Vitis amurensis na gabashin Asiya.

Sanin waɗannan sunaye ba ƙwalisa ba ce, domin ƙwaya ɗaya ba ta daɗewa. A 2010 masana suka ba da rahoton wani nau'in cutar ƙasan ganye a ƙasar Cek da ya karya juriyar Rpv3 a irin Bianca, yana cinsa yadda yake cin inabin da ba shi da kariya. Ƙofa mai kwaɗo ɗaya mabuɗi ɗaya ɓarawo ke nema, mai kwaɗo biyu sai ya samu duka biyun a dare guda. Da wannan tunani INRA ta fara shirin ResDur a 2000, kuma a 2018 aka yi rajistar iri huɗu na farko, Artaban, Vidoc, Floreal da Voltis, kowanne da ƙwaya biyu ga kowace cuta. Jamusawa na da Solaris, Johanniter da Souvignier Gris daga cibiyar Freiburg. Italiya ta yi rajistar Fleurtai da Soreli a 2015 daga aikin jami'ar Udine, Suwizalan ta fitar da Divico a 2013. A Kalifoniya ma Andy Walker na jami'ar Davis ya fitar da iri biyar a 2019 masu jure cutar Pierce, wadda ke toshe hanyar ruwa a jikin kuranga, gadonsu na gida kashi 94 zuwa 97. A gonakin da ake bibiya a Faransa, sababbin irin sun rage maganin funfuna da sama da kashi 80 cikin 100.

Gaskiya ita ce duk waɗanda na lissafa don matsa aka yi su, ba don faranti ba. Mai noman inabin ci, musamman a ƙasa mai zafi, ya fi kyau ya dubi Burazil. Hukumar binciken nomansu, Embrapa, ta fitar da BRS Vitória a 2012, baƙin inabi marar ƙwaya mai jure cutar ƙasan ganye, sai BRS Isis a 2013. Ana noma Vitória sosai a kwarin kogin São Francisco, wajen Petrolina, wuri mai zafi da fari inda da ban ruwa ake noma, ana girbi sau biyu a shekara. Nisan wurin daga layin ikwaita, mai raba duniya kudu da arewa, bai bambanta sosai da na Kudan a jihar Kaduna ba, inda noman inabi ya kafu. Wannan ba hujja ba ce cewa irin zai yi daidai a can, amma dalili ne na gwada shi kafin a gwada irin da aka yi wa sanyin Jamus.

Idan za ka sayi dashe, ka yi wa mai sayarwa tambayoyi uku. Wace cuta yake jurewa, tunda akwai irin da ke jure ɗaya ya faɗi ga ɗayar? Ƙwayar juriya nawa ke cikinsa? A kan wane gindi aka aura shi? Gindin na da nasa aikin: Ramsey na jure tsutsar saiwa a ƙasa mai rairayi, Dogridge shi manoman Indiya suka runguma saboda fari da gishirin ƙasa, 110R da 1103P kuma sun shahara wajen jure ƙishi. Wanda ya ce maka irinsa "ba ya kamuwa da komai", ka riƙe kuɗinka.

Kada ka shuka ƙwaya da fatan samun irin uwar, ba za ta fito iri ɗaya ba. Da reshe ko aure ake yaɗa inabi, kuma ta reshen ne cututtukan da ba su da magani ke tafiya, irin su cutar naɗe ganye. Gidajen renon dashe na Turai kan tsoma busasshen reshe a ruwan zafi mai digiri 50 na minti 45 don kashe wasu daga cikinsu. Aikin ƙwararru ne, in zafin ya ɗara kaɗan idon reshen ya mutu. Dashen da za a shigo da shi Najeriya daga waje ya bi ta hukumar NAQS mai tantance tsirrai. Turai ta cikin kayan dashe ta kwaso duk annobar da muka ambata.

Kuma kada ka tuge gonarka gaba ɗaya. Dasa layi biyu ko uku na sabon irin, ka ga daminarsa biyu, ka kai 'ya'yan kasuwa ka ji bakin masu saye. Faransa ta taɓa cika da tsofaffin irin haɗi, wajen hekta 400,000 a 1958, daga baya aka tuge mafi yawansu saboda ƙorafin inganci. Irin da ba ya ciwo amma ba ya sayuwa bai rage maka komai ba.

Mataki na huɗu: kare juriyar da kanta

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Manomi ya dasa iri mai juriya, ya ga shekara biyu ganye fes, sai ya rataye injin. Masu kyautata irin da kansu ba su yarda da haka ba. Shawararsu ita ce feshi 2 ko 3 a shekara, a kewayen lokacin fure. Dalili na farko, ko a jikin iri mai juriya cutar na ɗan hayayyafa, kuma cikin miliyoyin ƙwayoyinta wadda ta dace da mabuɗi ita za ta yaɗu. Feshin nan kaɗan yana rage yawansu. Na biyu, feshin da ake yi wa manyan cututtuka yana danne wasu ƙanana ba a sani ba. Ana dainawa sai baƙar ruɓa ta ɗago kai, a ƙasa mai ruwa da zafi kuma cutar ɗigon baƙi mai huda ganye da tsatsar ganye su biyo baya. Faransa ta kafa cibiyar sa ido mai suna OSCAR a 2017 don bibiyar gonakin sababbin irin saboda wannan tsoro. Juriyar da ta karye a gonar mutum ɗaya ta karye wa duk mai wannan irin a yankin, shekaru 20 na aikin wasu sun tafi.

Mataki na biyar: iska, rana da kalanda

Ganyen da ruwa ke bushewa a kansa da wuri bai cika kamuwa da cutar ƙasan ganye ba, nonon da ke ganin haske kuma cutar toka ba ta jin daɗinsa. Saboda haka ka rage toho tun yana ɗanye, ka bar tazara tsakanin rassa. Cire duk tohon da ke fitowa a gindi kusa da ƙasa, domin ta nan cutar ke hawa idan ruwan sama ya fallatsa laka. Bayan 'ya'ya sun ƙulla, tsinke ganye biyu ko uku da ke rufe kowane nono, ta ɓangaren da ranar safe ke bugawa. Bar na yamma, in ba haka ba rana ta ƙone fatar. Ban ruwa a gindi, ba ta sama ba. Yuriya kuma a yi hankali da ita: kurangar da ta sha taki fiye da kima takan yi ganye lufu-lufu mai laushi, abin sha'awa a ido, kuma shi cuta ta fi so.

Manomin ƙasa mai zafi na da wata dama da Bature ba shi da ita. A Turai sanyi ne ke tsara lokacin toho, a wurare masu zafi kuwa almakashi ne. Manoman Nashik a jihar Maharashtra ta Indiya suna aske kuranga sau biyu: a Afrilu don ta yi rassa, a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke don ta yi 'ya'ya, su girbe daga Fabrairu zuwa Afrilu. Fure da nono ba sa haɗuwa da tsakiyar damina. Wannan dabara ɗaya ta fi buhun magani. Amma tana da kuɗinta: a rani cutar toka ce ke jiran ka, kuma da yake babu sanyin da zai kakkaɓe ganye, cuta na zama a tsohon ganye daga wannan zango zuwa wancan. Ranar aski a tsinke ragowar ganye duka, a kwashe su da rassan da aka yanke a fitar daga gona, a binne ko a ƙone. In maƙwabta za su yi aski a mako ɗaya, ya fi.

Mataki na shida: yaushe ake fesawa

Ba duk makonni ne daidai ba. Daga gab da buɗewar fure zuwa mako 3 ko 4 bayansa, a nan amfanin shekara ke hannun cuta. Bayan haka fatar 'ya'yan kan yi ƙarfi, su daina kamuwa da sauƙi, ko da yake ganye da sandar nono na ci gaba da kamuwa. In kana da kuɗin feshi uku kawai, nan za ka kashe su, da mafi ingancin maganin da kake da shi. Ragin da ake nema a farkon zango da ƙarshensa ake samunsa.

Ga cutar ƙasan ganye, manoman Italiya na da tsohuwar ƙa'ida ta goma uku: zafi ya kai digiri 10, toho ya kai santimita 10, ruwa ya sauka milimita 10 cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai ukun sun haɗu kamuwar farko ke yiwuwa. A ƙasashe masu zafi sharaɗin farko kusan kullum a cike yake, saura ruwa. Don haka ma'aunin ruwan sama a tsakiyar gona, ko da na roba ne, ya fi kalanda amfani. Tagulla da sauran magungunan da ke zama a kan ganye rigakafi ne, kafin ruwa ake fesa su, kuma ruwan da ya kai milimita 20 yana wanke yawancinsu. Sabon ganyen da ya fito bayan feshi ba shi da kariya.

Ga cutar toka, jami'ar Davis ta fitar da ma'aunin Gubler da Thomas. Idan aka yi kwana 3 a jere, kowace rana da awa 6 cur da zafi ke tsakanin digiri 21 da 30, cutar ta samu abin da take so, maki ya fara daga 60. Kowace rana irin wannan a ƙara 20, ranar da ba haka ba a rage 10, kuma zafin da ya kai 35 na rage mata ƙarfi. Maki 60 zuwa sama, farar wuta duk kwana 7. Ƙasa da 30, ana iya jan tazarar zuwa kwana 14 ko fiye. A lura, zafin cikin inuwar rumfa ake aunawa, ba na fili ba.

Manoman Faransa kan bar 'yan kurangu a gefen gona ba sa fesa musu komai. Su ne masu ba da labari. In ƙarshen zango ya zo suna nan lafiya lau, ka san rabin feshinka na bana bai zama dole ba.

Mataki na bakwai: ƙwari

Ƙa'idar a nan ita ce a duba kafin a fesa, mako-mako, ganye 50 daga sassa daban-daban na gona, da gilashin ƙara girma a hannu.

Babban ƙwaron inabin Turai wani ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ne, Lobesia botrana, wanda tsutsarsa ke huda 'ya'ya ta buɗe wa ruɓa ƙofa. Maganinsa mafi nasara ba ya kashe komai. Ana rataya 'yan robobi kimanin 500 a hekta, masu fitar da irin ƙamshin da macen ke kiran namiji da shi. Gona ta cika da ƙamshi, namiji ya rasa inda macen take, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa. Sama da rabin gonakin inabin Jamus haka ake kare su, kuma dabarar na cikin abin da aka haɗa aka kawar da ƙwaron daga Kalifoniya, inda aka gano shi a kwarin Napa a 2009 aka sanar da ƙarewarsa a 2016. Sharuɗɗa biyu ne. Kowane jinsi da ƙamshinsa, don haka sai malamin gona ya tantance maka ƙwaron da ke gonarka. Sannan ba ta aiki a ƙaramin fili, ana son hekta 5 zuwa 10 a haɗe, wato aikin ƙungiya ne. Mai ƙaramar gona ya yi amfani da maganin Bt, ƙwayar halitta ce da ke kashe tsutsa kaɗai, a fesa da yamma tun tsutsar na ƙarama.

Labarin jan gizon ganye ya fi ban mamaki. A gonaki da yawa maganin ƙwari ne ya haifar da shi, domin ya kashe wani ɗan gizo mai cinsa, Typhlodromus pyri. Da manoman Jamus da Suwizalan suka bar magunguna masu kashe kowa, suka riƙa ɗauko rassa daga gonar da ke da mafaraucin suna ratayawa a wadda ba ta da shi, matsalar ta kwanta. Sifametirin da lamda, waɗanda ba a rasa su a shagon maganin gona, suna cikin masu yi masa kisan kiyashi, mankozeb ma na taɓa shi idan an yawaita.

A ƙasa mai zafi farin ƙwaro mai auduga ya fi damun manomi. Yana ɓuya ƙarƙashin ɓawon kuranga inda feshi ba ya kai wa, yana ɗauke da cutar naɗe ganye, tururuwa kuma na gadinsa saboda zaƙin da yake fitarwa. Fara da tururuwar: ɓare tsohon ɓawo bayan aski, ka ɗaura leda mai danƙo a gindi da jikin kowane turken rumfa. A Indiya ana sakin wani ƙwaro mai cinsa, Cryptolaemus montrouzieri, wanda 'ya'yansa ma farare ne masu gashi, har manomi kan kashe su bisa kuskure. Man darbejiya na taimakawa a kan ƙananan. Tsuntsaye kuma raga ce maganinsu.

Mataki na takwas: maganin da injin

Abin da ya rage dole a fesa, a fesa shi da kyau. Duba lambar rukunin FRAC a jikin kwalba, wato lambar da ke nuna hanyar da maganin ke bi ya kashe cuta. Masu harafin M, wato tagulla M01, farar wuta M02, mankozeb M03, ta hanyoyi da yawa suke kashe cuta, da wuya ta saba da su. Masu lamba zalla hanya ɗaya suke bi: metalaksil rukuni na 4, azoksistirobin na 11, tebukonazol na 3. Waɗannan kada a jera rukuni ɗaya fiye da sau biyu. Canza sunan kamfani ba canza magani ba ne in lambar ɗaya ce. A Najeriya a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Kada "na gargajiya" ya ruɗe ka. Tagulla ba ta ruɓewa, taruwa take a ƙasa tana kashe tana, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade ta daga 2019 zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara 7. Mankozeb kuwa an daina ba shi izini a can tun 2021. Farar wuta na ƙona ganye in zafi ya haura digiri 32, ba a kuma fesa ta cikin mako biyu da feshin mai, wasu irin masu jinin Amurka ma ba sa ɗaukarta sam, a gwada a kuranga biyu tukuna. Idan cutar toka ba ta yi ƙarfi ba, bakabonet na fotasiyam na iya maye gurbin feshi ɗaya ko biyu.

Awon da ke jikin kwalba na rumfar da ta cika da ganye ne. A farkon toho ganyen bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran maganin ƙasa yake sha. Cibiyar inabi ta Faransa, IFV, ta gina tsarin Optidose kan wannan, ana daidaita yawan magani da yawan ganye da ƙarfin cuta. Mai injin goyo zai yi nasa cikin sauƙi: ƙarfin haɗin a tanki ya tsaya yadda aka rubuta, yawan tankunan ne zai bi girman ganye. Cika tanki da ruwa zalla, ka fesa yadda ka saba, ka ƙirga kurangun da ya isa. In ya isa 80 kuma gonarka na da 800, tanki 10 kake bukata, kada ka haɗa na 11. Sake wannan awo sau uku a zango.

Sannan ka ga inda ruwan ke sauka. Akwai wata takarda rawaya da ke komawa shuɗiya duk inda ɗigo ya taɓa. Maƙala guntayenta da filin a ƙasan ganye, a cikin nono, da can tsakiyar rumfa, ka fesa, ka dawo ka duba. Ɗigo-ɗigo barbaje shi ake so. Shuɗi malale na nufin magani na zuba ƙasa, rawaya fes a ƙasan ganye kuma na nufin wurin da cutar ke shiga bai samu komai ba. Juya bakin injin ya kalli sama, ka bi layi ta ɓangare biyu, da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta. Bakin da ya tsufa a canza shi. Manyan gonakin Turai na amfani da injin da ke rufe layi ta gefe biyu yana tare abin da bai sauka a ganye ba ya mayar tanki, yana tsimin kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kowace kwalba na ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshin ƙarshe da girbi. A 2010 kasuwannin Turai sun ƙi karɓar kaya masu yawa na inabin Indiya saboda ragowar wani sinadarin rage tsawon toho, manoman Maharashtra suka tafka asara. Inabin ci da fatarsa ake cinsa, yara kuma a bakin hanya ba sa jiran a wanke. Ka lissafo kwanakin daga ranar da kake sa ran girbi ka dawo baya, ka rubuta ranar rufe feshi a littafinka tun farkon zango.